Lambar da Aka Juya Ciki

Mutumin da aka yi wa tambaya uku, ya ba da amsa uku, kowace amsa kuma gaskiya ce tsagwaronta, za a ce ya yi ƙarya? Na juya maganar nan ta kowace fuska ban samu inda zan ajiye ta ba. Shi ma Auta, mai shagon taya da ke bakin hanyar tasha, sati bakwai ya yi yana juya ta, har wandonsa ya fara yi masa yawa.

Sunan Auta ya bi shi har furfura. Yayarsa ce ta liƙa masa shi, ita ce kuma ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Malamar makaranta ce, shekara talatin da biyar tana riƙe da alli. Da ta ajiye aiki, kowa ya ɗauka za ta shimfiɗa tabarma ta huta, sai ta sayi wata ƙaramar mota mai ruwan toka, ta koyi tuƙi tana da shekara sittin. Kullum da safe ita ke kai jikarta makaranta, daga nan ta zaga dubiya da gaisuwa, ba ta jiran kowa, ba ta roƙon kowa ya rage mata hanya.

Wata ranar Talata, ana tsakiyar zafi, ta tsaya a ƙofar shagonsa ta danna ham sau biyu.

"Auta, fito ka ga ƙafafun tsohuwar nan. Sun suɗe kamar tsakiyar kanka."

Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya durƙusa ya shafa. Duka huɗun sun cinye, zanen ya ɓace sai alama.

Auta yana da wata ɗabi'a da duk direbobin tasha suka san shi da ita. In mai ƙaramin ƙarfi ya zo neman taya, sai ya jero masa guda uku a ƙasa. Ta farko robarta da taushi, tana kama kwalta ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma ba ta shekara biyu. Ta biyu mai tauri ce, za ta daɗe har ka manta ranar da ka saye ta, sai dai in titi ya jiƙe tana buƙatar fili kafin ta tsaya. Ta uku tsaka-tsaki. Sannan ya dasa farcen babban yatsansa a jikin kowace, ya kama yatsan mai saye ya ce shi ma ya danna. "Roba mai rai tana amsa farce," in ji shi kullum. "Wadda ta mutu sai ka ji kamar ƙahon sa." A ƙarshe ya nuna masa lamba huɗu da ke cikin wani ɗan zobe a gefen taya: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar.

Ya jero wa Yaya ukun, ya buɗe baki zai fara, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka yi mini lacca, ni na koya maka karatu. Waɗannan duk na ji kuɗinsu a waya, sun fi ƙarfin aljihun mai fansho. Babu abin da ya fi su sauƙi?"

A nan ne zuciyarsa ta tuna masa da wasu huɗu da ke can ƙuryar shago, ƙarƙashin kwanon rufi inda zafi ke taruwa. Irin mai taurin nan ne. Ba su taɓa taka ƙasa ba, har gashin robar nan na sabuwar taya yana jikinsu. Amma shekararsu bakwai a duniya. Duk direban da ya ɗaga su sai ya nemi lambar, ya karanta, ya ajiye ya ce Allah ya kawo kasuwa. Auta ya shiga, ya goge su da ɗan mai har suka yi baƙi wul, ya mirgino su.

Yaya ta zagaya su tana leƙawa ta saman tabarau.

"Sababbi ne?"

"Ba su taɓa taka kwalta ba."

"Za su daɗe?"

"Sai kin gaji da su."

"Sun fi waɗancan araha?"

"Nesa ba kusa ba."

"To ka gani. Tun kana aji uku nake gaya maka, ka amsa abin da aka tambaye ka, ka bar surutu. Ɗaura mini."

Bai dasa farce ba, bai kama yatsanta ba. Ya ajiye mata kujera a inuwa, ya sa jak, ya kwance wili ɗaya bayan ɗaya. Lambar nan ta shekara a gefe ɗaya kawai ake buga ta cikakkiya, tayoyin kuma ba su da kibiyar da ke tilasta a ɗaura su ta fuska guda. Sau huɗu hannunsa ya juya gefen lambar ya fuskanci cikin mota, inda ba mai ganinta sai wanda ya kwanta a ƙasa da tocila. Yana ɗaure noti yana gaya wa kansa cewa Yaya ba ta gudu, ba ta fita gari, kuma kafin damina zai kira ta ya canza mata da wani dalili. Ko riba bai ci ba. Da ta tafi har wani daɗi ya ji, irin na wanda ya kyautata wa ɗan'uwa.

Daminar ta riga shi. Ruwan farko ya sauka da safe, irin wanda ba ya wanke titi sai dai ya kwaɓa ƙura da man da motoci suka ɗiga wata da watanni. A shataletalen da ke kusa da makarantar jikar, wani mai babur ya yanko gaban Yaya, yarinyar tana cikin motar. Ta taka birki, motar ta ci gaba da tafiya a hankali kamar sabulu a kan siminti, har ta rungumi turken fitilar titi. Yaya ta karye a wuyan hannun dama. Yarinyar ta bugu a goshi, aka yi mata ɗinki huɗu.

A asibiti ya tarar da ita zaune a bakin gado, an naɗe hannun, ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba.

"Na taka, Auta. Wallahi na taka." Ta kalli hannun. "Ko dai ban taka da wuri ba?"

Babban ɗanta, uban yarinyar, wanda dangi ke kira Ofisa saboda ko biki zai je sai ya ɗaura agogo ya riƙo fayil, ya juyo wajen Auta.

"Kawu, kai take jin maganarka. Tayoyi sababbi, birki lafiya lau, bakanike ya duba. Me ya rage? Shekaru ne. Ka gaya wa Mama gaskiya."

Auta ya kalli tayil ɗin ƙasa. "Allah ya kiyaye gaba," ya ce.

Ofisa ya ɗauki makullin motar daga kan durowa ya sa a aljihu. Yaya tana kallo ta ƙyale shi, ita da ko gishiri aka ɗauka a gidanta sai an yi mata bayani.

Aka gyara gaban motar, aka ce a ajiye ta a ƙofar shagon Auta tunda nan ne bakin hanya, aka liƙa takardar sayarwa a gilashi. Ofisa ya bar masa makulli ɗaya don masu zuwa dubawa. Kullum Auta ya buɗe shago ita ce farkon abin da yake gani. In wani ya tsaya ya ƙwanƙwasa tayar da takalmi, sai gabansa ya faɗi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Matarsa ce ta fara ganewa. Takan kawo masa abincin rana, kwanukan kuma suka riƙa komawa gida da nauyinsu. Ran nan ta zauna a kan wata tsohuwar tayar babbar mota, ta ce ba inda za ta sai ya faɗa mata abin da ke cinsa. Ya faɗa mata, yana kallon titi.

"Inna lillahi. To ka je ka gaya mata."

"In gaya mata me? Ƙarya na yi mata? Kawo kalma ɗaya da na faɗa wadda ba gaskiya ba."

"Ni ba alƙali ba ce."

"Ruwan farko ko sabuwar taya yana ja. Jiya-jiyan nan wata bas ta zame a wurin, tayoyinta na bana ne. Wa ya san cewa da na sa mata masu taushi za ta tsaya? Ba wanda ya sani. In je in rushe zumuncin shekara hamsin a kan wataƙila?"

Ta bar shi ya gama, sannan ta buɗe kwano ta tura masa.

"To me ya sa ka juya lambar?"

Ya ɗauki cokali ya ajiye.

"Ba zan faɗa ba," ya ce. "Kafin a sayar zan cire su in sa masu kyau, kada su cuci wani. Shi ke nan."

"Sannu da ƙoƙari. Ka gyara wa baƙon da ba ka sani ba, ka bar wa Yaya kayan a ka."

Ranar da aka kwance mata ɗaurin hannu ya je gaishe ta. Falon nan da ya sani da hayaniya, rediyo na yi, waya na ƙara, ya same shi tsit. Tana zaune kusa da taga da mayafinta a cinya, tun safe take jiran Ofisa ya aiko a kai ta dubiyar wata tsohuwar abokiyar aikinta. Ta sayi sabon tabarau, alhali likita ya ce tsohon bai da laifi. A kan tebur akwai cokali ɗaya shi kaɗai. Jikar ce ta tona asirin: wai Kaka takan saki cokalin daga hannu ɗaya ta ga ko za ta cafe da ɗayan kafin ya faɗi.

"Sau nawa take cafewa?" Auta ya tambaya don ya samu abin faɗa.

"Kullum. Amma ta ce ba ya cikin lissafi, tunda ta san zai faɗo." Yarinyar ta ɗaga gashin goshinta ta nuna masa tabon. "Kaka ta ce ita ta yi mini wannan. Na ce mata ai turke ne."

Auta ya matsa kusa da Yaya. Ya zaro makullin da ke aljihunsa ya miƙa.

"Yaya, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ki karɓi motarki. Ni zan yi wa Ofisa magana."

Ta kalli makullin kamar an miƙo mata garwashi.

"Mayar aljihunka. Wadda ta zubar da jinin jikarta ba ta sake riƙe sitiyari. Shekara talatin da biyar ina gaya wa yara in ka faɗi jarrabawa ka yarda ka faɗi. Yau ta zo kaina sai in ce malami ne bai iya maki ba?" Ta yi ɗan murmushi. "Kai dai ka yi naka. Ka ba ni sababbin ƙafafu, kan ne ya tsufa."

Ya fito bai san ta ina ya bi ya koma shago ba.

Aka samu mai saye, aka sa ranar Asabar bayan azahar, Yaya za ta zo ta sa hannu tunda takardun da sunanta suke. Auta ya yi niyyar gama canjin tun da sassafe, amma motoci suka yi ta zuwa, wannan faci, wannan iska, sai wajen sha ɗaya ya samu kansa. Ya jero huɗu masu taushi na bana a gefe, ya sa jak, ya kwance wilin gaba na dama. Yana mirgino shi ke nan motar Ofisa ta tsaya. Sun zo da wuri, wai daga nan za su wuce asibiti a duba hannun.

"A'a, Kawu, me kake kwancewa? Tayoyin nan ko wata uku ba su yi ba."

Amsa tana nan a bakinsa, a shirye, kuma ita ma gaskiya ce: ina so mai saye ya samu masu kyau. Yaya ta fito daga kujerar baya, inda ake zaunar da tsofaffi da yara, tana dafa ƙofa da hannun hagu. Ta tsaya tana kallon motarta a kan ƙafa uku.

Auta ya mirgina wilin har gabanta, ya kwantar da shi, gefen ciki a sama. Ya tofa yawu a tsumma ya goge laka daga wani ɗan zobe.

"Yaya, sa tabaranki."

"Yana idona."

"Karanta mini wannan. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara."

Ta sunkuya ta karanta. Leɓɓanta suka motsa tana lissafi.

"Wannan ai shekarar da aka haifi jikata ce."

"Sa'arta ce. Shekara bakwai suna ƙuryar can a cikin zafi. Kawo yatsanki."

Ya kama babban yatsanta na hagu ya dasa farcen a jikin robar. Bai shiga ba. Ya ja ta taku biyu zuwa ga sababbin, ya sake dasawa. Robar ta lotsa, ta riƙe alamar farcen na ɗan lokaci, sannan ta dawo.

"Abin da nake yi wa kowane direban tasha ke nan. Ke ban yi miki ba. Na san shekarunsu. Da hannuna na juya lambar ciki, duka huɗun, don kada wani ya gani ya gaya miki."

Ofisa ya ajiye fayil ɗinsa a kan bonet da ƙarfi. "Kawu! 'Yata ce fa a motar nan! Kana tsaye a asibiti ina cewa shekaru ne, ka yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Wallahi da ba ƙanin Mama ba ne kai..."

"To ƙanina ne," in ji Yaya, ba ta ɗaga murya ba. "Matsa can."

Ta daɗe tana kallon wilin da ke kwance. Wata tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza, ba wanda ya motsa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Da waɗancan ne a ƙafarta ran nan, da ta tsaya?"

"Ban sani ba. Ina jin da ta tsaya taku uku ko huɗu kafin turken. Wataƙila kuma da ta taɓa shi a hankali. Ruwan farko mugu ne. Amma Yaya, kin taka a kan lokaci. Na je wurin washegari na ga inda ta fara ja, da nisa. Ƙafarki ba ta makara ba. Robar ce ba ta amsa ba."

"Ka je ka gani tun washegari."

"Na je."

"Ka zo gidana ka tarar ina wasa da cokali."

Hawaye ya gangaro masa ya haɗu da baƙin mai a kumatu, bai goge ba.

"Yau kuma ka amsa fiye da abin da aka tambaye ka," ta ce. "Ni da kai muna da zama, Auta, kuma ba mai daɗi ba. Ba yau ba, ba a bakin titi ba. Kana da wuƙa a shagon nan?"

Ya ɗauko wadda yake yankan faci da ita.

"In ka cire su, ka farke gefen kowace a gabana. Na san halinka da ƙuryar shago."

Ya kwance sauran ukun, ya zare su daga wili, ya farke su ɗaya bayan ɗaya. Robar tana tsagewa da ƙara kamar busasshiyar fata. Ita kuwa ta jawo kujerar nan ta inuwa ta zauna, ta ce ya jero mata ukun da ya jero ran farko, ya yi mata laccar tun daga farko, kada ya tsallake ko kalma. Ya yi. Ta danna kowace da farcenta, ta sa ya nuna mata lambar kowace, ta tambaye shi wadda ta fi ƙara a kan titi da wadda ta fi shan mai. Ta zaɓi mai taushin.

"Ba ta shekara biyu, Yaya."

"Na ji. In ta cinye na dawo, ko in je wani shagon, ban yanke ba tukuna. Lambar ta kalli waje."

Ofisa ya duba agogo. "Mama, mutumin nan fa ƙarfe biyu zai zo da kuɗinsa."

"Kana da waya. Ka ba shi haƙuri da irin Turancin nan naka."

"Hannunki bai gama warkewa ba."

"Likita ya ce in riƙa motsa shi."

Auta ya ɗaure noti na ƙarshe, ya bi su duka ya sake ja, ya sauke jak. Ya ɓare takardar sayarwa daga gilashi, ya tsaya da ita a hannu bai san inda zai ajiye ba. Yaya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta zagaya motar tana karanta lamba huɗu a kowace ƙafa. Da ta iso ƙofar direba ta tsaya, ba ta kalle shi ba, ta miƙo masa tafin hannun dama, wanda ya karye.

"Makullin."